Ba kowace gajiya barci ke warkarwa ba

Shekarata tara ina aiki a wani otal a unguwar Misfala, nan Makka. Huɗu daga cikinsu ni ke tsara wa masu gyaran ɗakuna lokutan shiga da tashi. Maganar da zan yi yau ta daɗe tana cin raina, kuma na san wasu 'yan'uwa ba za su ji daɗinta ba.

Akwai wani yaro a ƙarƙashina, ɗan wajen Katsina, ba zan kama suna ba. Farkon zuwansa, tun daga ƙarshen baranda za ka jiyo muryarsa yana tura keken zannuwan gado yana gaida baƙi. Bayan wata bakwai sai yaro ya yi tsit. Aljihun rigar aikinsa ba ya rabo da katin Panadol. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Rana ɗaya ya manta makullin ɗaki sau biyu, ya kuma daka wa abokin aikinsa tsawa a kan tawul guda. Wata ranar bayan La'asar ya same ni a sito ina ƙirga sabulu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, wallahi ina kwanciya amma barci ba ya zuwa. Ƙirjina kamar an ɗora mini buhu."

Abin da na ce masa har yau yana damuna. Na ce, "Yi haƙuri ƙanena, kowa haka yake fama. Ka tuna mutum nawa ke sayar da gona don su zo inda kake salla kullum." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne Yaya," ya juya. A goman ƙarshe na azumi ya yanke jiki ya faɗi a bakin lif. Da aka kai shi asibiti aka tarar jininsa ya hau, yaron da bai cika talatin ba.

Ni na rubuta masa awa 12 a rana, kwana shida a mako. Ga alƙalamin a hannuna, amma na sallame shi da wa'azi.

Gajiyar da muka sani ita ce ka yi aiki, ka ci, ka kwanta, ka tashi garau. Wannan daban ce. Idan mutum ya firgita, jikinsa na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, suga ya ƙaru a jini, tsoka ta ɗaure, don ya tsere wa haɗari. Na ɗan lokaci ne, kamar mota ta taso maka ka kauce. To idan abin tsoron naka mudir ne, wato manaja, da za ka gani gobe da jibi, ko igama, wato takardar izinin zama, da ta kusa ƙarewa kafili, wanda ya ɗauki nauyin zamanka, bai ce uffan ba, jiki ba ya samun damar saukowa. Wata da watanni yana a tsaye ƙiƙam. Daga nan sai ciwon kai da na wuya, ɓacin ciki, mantuwa, saurin fushi, mura a kai a kai, abin da da yake faranta maka ya daina, har kiran matarka ya zame maka nauyi.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wajensa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2016 kaɗai. Yaron nan awa 72 yake yi.

Ga shi dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta yi shiru ba. Awa 8 a rana, 48 a mako, cikin azumi kuma awa 6 ga Musulmi. Ba a aikin awa biyar a jere sai an ba da aƙalla rabin awa na hutu da salla da abinci. Hutun shekara kwana 21, in ka kai shekara biyar ya zama 30. Yawancinmu ba mu taɓa ji ba, waɗanda suka ji kuma tsoron fita ta ƙarshe, wato a sallame su daga ƙasar gaba ɗaya, ya rufe musu baki. 'Yan'uwanmu mata da ke aikatau a gidaje nasu ya fi muni, don inda suke kwana nan ne wurin aikin, babu lokacin tashi.

Sai ku mutanen gida, da ku ma nake. Ma'aikaci zai tashi ƙarfe sha ɗaya na dare ƙafa a kumbure, ya buɗe WhatsApp ya tarar da saƙon murya goma: kuɗin makaranta, bikin ƙanwa, rufin ɗaki, jarin wane. Kowa ya juya riyal zuwa naira a kansa ya yanke masa hukunci, ba wanda ya cire kuɗin wurin kwana da na abinci da bashin ejan da ya kawo shi. In ya ce ya gaji, sai a ce, "Kai da kake ƙasa mai tsarki?" Wannan kalmar ta rufe bakin mutane da yawa. Ku riƙa kira wani lokaci don gaisuwa zalla, ku tambaye shi ko yana samun barci.

Ban ce a bar haƙuri da addu'a ba, da su muke rayuwa a nan. Amma Salmanul Farisi da ya ga Abu Darda ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ce masa ya yi kanka ma yana da haƙƙi a kanka, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. In ibada ba ta halatta wa mutum ya ƙarar da jikinsa ba, ina ga gyaran gadon otal?

Tun faɗuwar yaron na canza abin da ke hannuna. Wanda ya kwana a aiki ba na rubuta masa safiya. Ranar hutun mutum ba na kiran wayarsa, ko da ɗakuna sun taru. Rabin awar nan kuwa sai na ga mutum ya zauna ya ci, ba a tsaye a bayan ƙofa ba. Duk wanda ya ce mini ba ya barci, ko na ga ya canza, ina jan shi gefe mu zauna, in tura shi a gwada jininsa, in kuma nuna masa lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya, wadda ake samun likita dare da rana. Wanda tunani ya yi masa katutu har yana jin rayuwa ta ishe shi, wannan ba a kwana da shi, likitan ƙwaƙwalwa ake nema, kuma zuwa wajensa ba hauka ba ne.

Sauran ya fi ƙarfina. Mutum takwas ba za su yi aikin sha biyu ba, komai iya tsari. Na rubuta wa mudir takarda ina neman ƙarin hannu huɗu kafin azumi mai zuwa. Mako uku ke nan tana kan teburinsa. Yaron ya dawo aiki, yana shan ƙwayar hawan jini kowace safiya, jiya ma ya tambaye ni ko an sa hannu. Na ce masa ranar Lahadi zan sake hawa ofishin.