Fitila a goshin yara, bayanai a hannun wa?

Bidiyon nan na 'yan firamaren Jinhua da ke lardin Zhejiang a China ya sake dawowa wayoyinmu, masu yaɗa shi sai tafi suke yi, wai ga ilimin gobe. Yara zaune a aji, kowa ɗaure da kambu a goshi mai 'yar fitila: ja in na'urar ta ce hankalin yaro na kan darasi, shuɗi in ta ce ya tafi yawo. Makin yana shiga kwamfutar malami, har iyaye ake tura wa. Masu tafin ba sa faɗin cewa tun ƙarshen 2019 aka dakatar da shirin a makarantar, da surutu ya yi yawa.

Na'urar ta kamfanin BrainCo ce, kuma abin da take ji shi ne ɗan raunanan lantarkin da ke ratso ƙoƙon kai. Ƙifta ido ko cije haƙora kaɗai na iya dagula awon. Ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ake so a yi wa hukunci da launin fitila! Malamar da ta shekara biyu riƙe da alli, kallo ɗaya za ta yi ta gane yaron da ya fito ba karin kumallo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda bayanan ke tafiya. Gwamnatoci sun taɓa kwaɗayin cikin kan mutane, mun kuma ga yadda aka ƙare. A 1953 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fara shirin MKUltra, ana ɗirka wa mutane ƙwayar LSD mai gusar da hankali ba da saninsu ba. A Montreal ta ƙasar Kanada, da tallafin kuɗin hukumar, likita Ewen Cameron ya riƙa sa majinyata barcin kwanaki, ana maimaita musu saƙo ɗaya a kunne ba ƙaƙƙautawa. Mutanen da suka je neman sauƙi, wasu suka fito sun manta 'ya'yansu. A 1973 shugaban hukumar, Richard Helms, ya sa aka lalata takardun. Sai a 1977 aka tsinto shafi kusan 20,000 da suka kuɓuta.

Masu cewa wannan tsohon zance ne, su gaya mana wace gwamnati ce ta daina ɓoye abu tun daga lokacin.

Chile ta farga. A 2021 ta sa kare bayanan ƙwaƙwalwa a kundin tsarin mulkinta, a 2023 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci kamfanin Emotiv, mai ƙera irin wannan na'ura, ya goge bayanan da ya tara na tsohon sanata Guido Girardi. Tsohon sanata ne, yana da bakin zuwa kotu. Ɗan aji uku ba shi da wannan. Kafin wani ɗan kwangila ya kawo mana kambun nan da sunan zamanantar da ilimi, majalisa ta yi doka ta hana shi ƙetare ƙofar aji.