Sabon kanti kaɗai ba zai gyara tukunyar talakan birni ba

Ƙarfe bakwai na yamma wata uwa ta sauko daga motar haya, bayan ta wuni a tsaye a wurin aiki. Kuɗin cefanen yau na ƙulle a hannunta, ta riga ta ƙirga su sau biyu tun a cikin mota. Yara uku na jiranta a ɗaki ɗaya, babu firji, abin hura wuta kuma ya kusa ƙarewa. Shagon bakin layi na da taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku, da biskit, da lemon kwalba. Ganye da 'ya'yan itace kuwa sai ta sake hawa wata motar, kuma abin da ta sayo yau, jibi ya ruɓe. Masu cewa irin wannan mata ba ta san abinci mai gina jiki ba, ba su taɓa tsayawa inda take tsaye ba. Ta sani sarai, lissafi ne ya fi ƙarfinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itace a rana. Amma rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a 2022 mutum kusan biliyan 2.8 ne ba su da halin sayen abinci mai inganta lafiya. Fiye da rabin mutanen duniya kuma a birane suke, inda ko ganye ɗaya sai da kuɗi. Shi ya sa a gida guda za ka tarar da yaron da bai girma yadda ya kamata ba, ga mahaifiyarsa na fama da ciwon sukari da hawan jini. Duk daga tukunya ɗaya.

A Amurka da Birtaniya ana kiran unguwannin da ɗanyen abinci mai gina jiki ke wuyar samu, irin na uwar nan, hamadar abinci, kuma an daɗe ana ganin maganin shi ne a jawo babban kanti. A 2019 masanin tattalin arziki Hunt Allcott da abokan aikinsa suka bi diddigin cefanen gidaje a Amurka, suka gano cewa buɗe sabon kanti bai sauya abin da ke shiga kwando ba sai kaɗan. Bambancin kayan da ake samu a unguwa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin cimar mai hali da ta talaka ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa talaka ne ba ya so. Ni ban yarda ba. Kanti ya matso, amma albashi bai ƙaru ba, lokacin girki bai ƙaru ba, kuma bakin da ya shekara ashirin yana cin abin da aljihu ya iya ba ya sauyawa a wata ɗaya.

Birnin da na ga ya fahimci wannan shi ne Belo Horizonte na ƙasar Brazil. A 1993, zamanin magajin gari Patrus Ananias, birnin ya ɗauki abinci a matsayin haƙƙin kowane mazauni, ya kafa ma'aikata ta musamman a kai. Dabarar da ta fi burge ni ba ta da wani ado. Hukuma na da filaye a wuraren da jama'a ke yawan wucewa, sai ta ba 'yan kasuwa su kafa rumfuna, bisa sharaɗin za su sayar da wasu kayan lambu, kimanin ashirin, a kan farashin da aka ƙayyade, sauran kuwa su sayar yadda kasuwa ta kama. Ɗan kasuwa ya samu wuri mai ciniki, mai saye ya samu rangwame. An kuma ba ƙananan manoman kewaye wuraren da za su sayar kai tsaye ba sai ta hannun dillali ba, aka buɗe gidajen abinci masu araha waɗanda kowa ke shiga ba a tambaye shi shaidar talauci ba. Duk wannan bai ci kashi 2 cikin 100 na kasafin birnin ba.

Fili, lasisi, rumfar kasuwa, da kuɗin sayen abincin makarantu da asibitoci, da yawa daga cikinsu suna hannun hukumomin birane. Abin takaici, da yawa kan yi amfani da wannan ikon ne wajen korar masu talla da masu tebur da sunan tsabtace gari, alhali su ne ke kai ɗanyen kaya har lungu, su sayar kashi-kashi daidai kuɗin mai saye. Ka kore su, ka bar shagon biskit, to ka riga ka zaɓa wa unguwar abin da za ta ci.

Noman lambu a cikin gari yana da nasa amfanin. Havana, babban birnin Cuba, ta jingina da shi bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Rosario ta Ajantina ma ta rungume shi a 2002 bayan durƙushewar tattalin arziki. Sai dai 'yan kadadu ba za su ciyar da miliyoyi ba, kuma in ruwan ban-ruwan ƙazantacce ne, an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abinci na lalacewa tun daga girbi kafin ya kai ga mai sayarwa, kuma kayan lambu na cikin waɗanda suka fi asara. Mai tebur ya san rabin kwandonsa ba zai kwana biyu ba, don haka sai ya ɗora kuɗin ruɓaɓɓen a kan mai kyau. Ɗakin sanyi guda a kasuwar unguwa, mai aiki da hasken rana, wanda masu tebur za su riƙa biyan haya kwando-kwando, zai rage wannan ɗorin. Birane sama da 200 sun sa hannu a yarjejeniyar inganta tsarin abincin birane da aka ƙaddamar a birnin Milan na Italiya a 2015. Zan so in ga nawa ne daga cikinsu suka gina irin wannan ɗaki kusa da tashar da uwar nan ke sauka.