Mun san yaran da suka sha maganin damina, saura mu san abin da ke jininsu

Da zarar ruwa ya zauna a jihar Bauchi, daga Azare har Tafawa Ɓalewa, za ka ga masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna sallama gida-gida. Yaron da ya kai wata 3 bai cika shekara 5 ba, a gabansu zai sha ƙwaya biyu, su bar wa uwa biyu, ta gobe da ta jibi. Bayan kwana 28 su dawo, har sau huɗu, wasu wuraren sau biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan rigakafi a 2012, aka fara shi a Katsina a 2013. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kusan kashi 75 cikin 100. Ina goyon bayansa, kuma ina roƙon kowace uwa kada ta tsallake ƙwayar jibi.

Damuwata ita ce, idan damina ta wuce, lissafin da ake kawowa na yawan yaran da suka sha ne. Wace ƙwayar cuta ce ta rage a jininsu? Wannan tambayar ce nake so a amsa.

Mu dai "maleriya" muke cewa, amma ƙwayar iri biyar ce ke kama ɗan Adam. Falciparum ce mai kisa, ita ce ta fi yawa a ƙasarmu, kuma ita aka nufa da wannan rigakafi. Akwai malariae, mai zazzaɓin da ke dawowa bayan awa 72, wadda kan yi shekaru a jini shiru, kuma tun a shekarun 1960 likitoci a Ibadan suka danganta ta da ciwon ƙoda mai kumbura yara. Akwai ovale, wadda kan kwanta a hanta ta farka bayan watanni, ko da sauro bai sake cizon yaro ba. Maganin damina ba ya kai wa ga wadda ta kwanta a hanta.

Gwajin yatsa da ake yi a yawancin ƙananan asibitocinmu wani sinadari yake nema mai suna HRP2, wanda falciparum kaɗai ke fitarwa. Yaro na iya ɗauke da ovale ko malariae, layi ɗaya ya fito, a ce wa uwa babu maleriya, ta koma gida tana tunanin shawara ce ko haƙori. Ko madubin ɗakin gwaji ma yakan rasa ƙwayar idan ta yi ƙaranci, kuma yaron da ke shan rigakafi shi ne aka fi tsammanin ƙwayar ta yi ƙaranci a jikinsa. Gwajin PCR kuwa ɗan guntun ƙwayar halittar cutar yake kamawa, ya yi ta ninka shi har ya bayyana, ya faɗi irinta, ko iri biyu ne suka haɗu. Ɗigon jini kan takarda ya ishe shi, a busar a tura.

Da wannan ɗigon ne kuma ake gane ko ƙwayar ta fara gagarar magani. Wanda ya girma da kulorokwin ya san yadda ya daina aiki a hannunmu, har Najeriya ta sauya shi a 2005. A Iritiriya, falciparum ce ta daina fitar da HRP2, dole ƙasar ta canza kayan gwajinta. Magani iri ɗaya da ake bai wa miliyoyin yara kowace damina, wajibi ne a riƙa bin sawunsa.

Za a ce PCR da tsada. Gaskiya ne, kuma ban ce a kai shi kowane asibitin ƙauye ba. Ganin ɓurɓushin ƙwayar a jini ma ba ya nufin yaro na kwance. Aikin PCR sa ido ne. A zaɓi wasu ƙananan hukumomi cikin 20 ɗin Bauchi, a ɗauki jinin wasu yara kafin zagayen farko da bayan na ƙarshe. Na'urorin PCR da aka girka lokacin Korona da ma'aikatan da suka koyi sarrafa su suna iya wannan aiki, idan gwamnatin jiha ta sa kuɗin sinadaran gwaji a kasafinta.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa. Arewa ba ta manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, don haka duk mai zuwa neman jinin yaro ya fara da zama da mai unguwa da liman, ya yi wa uba da uwa bayani da Hausa ko Fulfulde, ya karɓi yardarsu. Idan sakamako ya fito, ya dawo ƙofar fadar da ya fara sallama ya faɗa musu abin da aka gani.