Tun a kan hanya ake cin baƙo a gasar ƙwallon Najeriya

Shekara 12 Kano Pillars ta yi ba a doke ta a gida a gasar lig ba, daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo filin Sani Abacha ta ci 2-1. Magoya bayan Sai Masu Gida suna alfahari da wannan tarihi, kuma sun cancanta. Amma a gasarmu gaba ɗaya, wanda ya ciwo wasa a waje murna ake yi masa kamar ya ɗauko kofi. In ka tambayi dalili, sai a ce alƙalan wasa ne, ko tsoron 'yan kallo. Akwai gaskiya a ciki. Abin da nake ganin ana mantawa shi ne hanya.

Ɗauki ƙungiyar da za ta tashi daga Maiduguri zuwa Fatakwal. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma yawanci a bas ake yin ta. Ƙafafu a naɗe wuni guda ko fiye, ga ramuka, ga shingayen bincike, abinci sai abin da aka samu a tasha. A sauka cikin zafi mai gumi na kudu, jiki ya saba da busasshiyar iskar arewa, gobe kuma a ce a fito fili. Mai gida kuwa a gadonsa ya kwana. Ina za a haɗa?

Gajiya ma da sauƙi. A Maris 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A Fabrairun 2021 motar ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta kama da wuta a Hawan Kibo, a jihar Filato. Wanda ya san irin wannan, da wace nutsuwa zai taka leda?

Da aka bar Super Eagles suka kwana a filin jirgin Al Abraq na Libiya a Oktoban 2024, ƙasa ta ɗauki zafi, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Najeriya maki uku da ci 3-0 a wasan da aka fasa yi da Libiya. Mun yarda ke nan cewa wahalar tafiya tana lalata adalcin wasa. To me ya sa muke kawar da kai idan yaran gida ne?

Yawancin ƙungiyoyin nan na gwamnatocin jihohi ne, kuɗin jirgi bai fi ƙarfinsu ba. Ya kamata hukumar gasar ta wajabta hawa jirgi a tafiye-tafiye masu nisa, ko aƙalla baƙi su iso kwana biyu kafin wasa, ta kuma daina sa wasan tsakiyar mako ga ƙungiyar da ta ratsa ƙasa ranar Lahadi.