A Ingila, 0906 ba lambar MTN ba ce

Salamu alaikum. Wannan rubutu na yi shi ne domin 'yan uwanmu da ke zaune a Birtaniya, musamman sababbin zuwa, ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi, da duk wanda ke shirin tahowa. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta.

Makon jiya wata ƙanwata, 'yar maƙwabcinmu a Zariya, wadda wata 5 ke nan da zuwanta Manchester, ta kira ni muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, an cire min kuɗi a asusu, kusan fam 50, alhali fam 10 nake biya duk wata. Wallahi ban sayi komai ba." Na ce ta turo min hoton bil ɗin. Ina buɗewa na gani. Layi ɗaya ne tal a ƙasan shafi na biyu, da ƙananan haruffa: lamba mai farawa da 0906, minti 9, fam 38 da kwabo 25. Da na ce kwabo, na nan ƙasar nake nufi, wanda guda 100 ke yin fam ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, an aiko mata da kaya bai iso ba, sai ta shiga intanet neman lambar kamfanin da ke kai kayan. Lambar da ta fara fitowa a sama ita ta danna. Ashe ba ta kamfanin ba ce, ta wasu 'yan tsakani ce da ba su da wani aiki sai su karɓi kiranka su miƙa shi ga lambar gaskiya, suna cajinka fam 3 da kwabo 60 kowane minti, ban da abin da kamfanin wayarka zai ɗora a kai. Daga cikin minti 9 ɗin nan, ta ce kusan 7 kiɗa kawai ake buga mata a kunne tana jira. Na ce, "Ba ki ga lambar da 09 ta fara ba?" Ta ce, "Yaya, ai ni ma lambata ta gida da 0906 ta fara."

Wannan amsa tata ita ta sa ni zaman rubutu, don gaskiya ta faɗa. Idon mutumin Najeriya ya saba. A gida 0803 da 0806 da 0703 da 0903 da 0906 duk na MTN ne. 0802 da 0808 da 0701 da 0907 na Airtel ne. 0805 da 0705 da 0905 na Glo ne. Lambobi 11 ne a can, a nan ma galibi 11 ne. Wanda ya girma yana danna irin waɗannan lambobi don ya kira mahaifiyarsa ko mai ɗinkinsa, ta yaya zuciyarsa za ta ɗarsa masa wani abu in ya ga 0906? Ɗan ƙasa tun yana yaro ya san 09 lambar gasar talabijin ce da masu duba, yana ganinta zai ja baya. Mu kuwa kamar mun ga ɗan unguwa ne.

To ga yadda abin yake a nan. Lambobin da suka fara da 01 ko 02 na gari ne: 020 Landan, 0161 Manchester, 0121 Birmingham. Na wayar hannu suna farawa da 07. Waɗannan su ne ke cikin mintocin da ka saya a kwantiraginka. Sauran kuwa ba su da gari, kuma kowacce da hukuncinta. 0800 da 0808 kyauta ne. 03 kuɗinta daidai yake da na 01 da 02, kuma dole ne a lissafa ta cikin mintocinka. Sai 084 da 087 da 09 da 118, waɗanda ake kira lambobin hidima. Su ne masu cizo, kuma "kira ba iyaka" ɗin da aka rubuto maka da manyan haruffa a jikin tagar shago, a yawancin kwantiragi bai haɗa da su ba.

Kuɗin kiran lambar hidima kashi biyu ne. Akwai kuɗin hidima, wanda ke tafiya ɓangaren wanda ka kira. Shi hukumar sadarwa ta Ofcom ta sa masa iyaka: 084 ba ya wuce kwabo 7 a minti, 087 ba ya wuce kwabo 13, 09 kuma yana iya kaiwa fam 3 da kwabo 60 a minti ko fam 6 a kira ɗaya. Sai kuma kuɗin shiga layi, wanda kamfanin wayarka ke ɗauka don kawai ya haɗa ka. Shi wannan babu wanda ya sa masa linzami, kuma a kansa ne nake da magana.

Ni ma an taɓa ni. Bara kafin Babbar Sallah ina neman tikitin jirgi zuwa Abuja, na kira wani kamfanin tafiye-tafiye a lamba mai farawa da 0844. A ƙarƙashin lambar sun rubuta kwabo 7 a minti, da ƙarin kuɗin shiga layi na kamfanin wayarka. Na karanta, na ce kwabo 7 ai ba komai. Ina tsaye a kicin ina juya miya da hannu ɗaya, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, na yi minti 23, rabinsu jira. Ƙarshen wata na duba: kuɗin hidima fam 1 da kwabo 61. Kuɗin shiga layi, a kwabo 65 kowane minti, fam 14 da kwabo 95. Wato wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zaunar da shi ya amsa min tambayoyi ya tashi da abin da bai kai fam 2 ba, shi kuwa wanda ya miƙa kiran kawai ya kwashi kusan fam 15. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku duba fa. Da lambar 0161 na kira na yi minti 23 ɗin nan, da sisi ba za a ƙara min ba. Waya ɗaya, turken sabis ɗaya, hanya ɗaya. Wane ƙarin aiki kamfanin ya yi da ya kai fam 15? Na yi ta juya wannan tambaya ban samu amsar da ta kwanta min ba, sai dai cewa sun san ba mai dubawa.

A yi wa Ofcom adalci, da can abin ya fi haka muni. Kafin 1 ga Yulin 2015, hatta 0800 da ake kira ta kyauta, in da wayar hannu ka kira ta sai a caje ka, wasu kamfanoni har kwabo 40 a minti. Ana kiran 0845 "farashin cikin gari", 0870 kuma "farashin ƙasa", sunaye ne da aka gada tun zamanin wayar tangaraho ta kamfanin BT, kuma ba su da wata ma'ana ga mai wayar hannu. Ofisoshin gwamnati da bankuna da asibitocin unguwa duk suna amfani da su. A 2013 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto cewa a shekara ɗaya jama'a sun kashe fam miliyan 56 wajen kiran layukan gwamnati masu tsada. Su wa ke kiran waɗannan layuka? Mai neman tallafi, mai bin haƙƙin fansho, wanda aka yi wa rasuwa.

Gyara ya zo a hankali. An buɗe lambobin 03 a 2007. A 2010 aka hana asibitocin unguwa cajin marasa lafiya fiye da kuɗin kiran gari. Daga 13 ga Yunin 2014 doka ta hana ɗan kasuwa sa lamba mai tsada a layin da wanda ya riga ya sayi kaya zai kira don ƙorafi ko tambaya, a 2015 kuma aka shigo da bankuna da kamfanonin inshora cikin irin wannan hukunci. A Yulin 2015 ɗin aka mayar da 0800 da 0808 kyauta a kowace waya, aka raba kuɗi kashi biyu kamar yadda na faɗa, aka ce duk mai tallata lambar hidima sai ya rubuta farashinta a gefe. A Afrilun 2019 aka sa wa 118, lambobin tambayar lamba, iyakar fam 3 da kwabo 65 a daƙiƙa 90. Lambar 'yan sanda ta 101, da ake biyan kwabo 15 a kira, ta zama kyauta a Afrilun 2020. Duk wannan aiki ne, kuma mun gani a aljihunmu.

Amma a wajen kuɗin shiga layi sun bar ƙofa a buɗe. Tunaninsu shi ne, in aka tilasta wa kowane kamfani ya bayyana nasa a fili, gasar kasuwa za ta sauko da shi, don mutane za su gudu zuwa mai arha. Ban san wanda ya taɓa zaɓar layi a kan wannan ba. Mutum ya shiga shago, abin da yake tambaya data nawa, nawa ne a wata, wace waya za a ba ni, shin akwai sabis a unguwarmu. Ba ya tunanin ranar da zai kira 0844. Kamfanoni sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa manyansu suka fara a 2015 da abin da bai kai kwabo 50 ba, suka yi ta ƙara shi kaɗan kaɗan har ya haura 60. Farashin da ba a kallonsa lokacin ciniki, ba ya sauka don kansa.

Wani zai ce ai an rubuta, laifinka ne da ba ka karanta ba. Na ji. An rubuta, a shafi na ban san nawa ba na takardar sharuɗɗa, da Turancin lauyoyi. Kuma ko wanda ya karanta, yaushe yake da zaɓi? Ba don nishaɗi ake kiran waɗannan lambobi ba. Ana kiransu ne lokacin da kaya ya ɓace, ko jirgi ya kusa tashi, ko an turo takarda mai tayar da hankali. Mutum a ruɗe yake, kuma tsawon jiran ba a hannunsa yake ba. Kowane minti da aka bar shi yana jin kiɗa, kuɗinsa ne ke tafiya, kuma masu barinsa a layin ba abin da suka rasa.

Abin da ya fi ci min rai, nauyin a kan mara ƙarfi yake sauka. Mai hali yana da wayar ofis, yana da wanda zai kira masa, ya san inda zai samo lambar 03 ta wurin. Ita kuwa ƙanwata fam 12 da kwabo 21 ake biyanta a awa, mafi ƙarancin albashin da doka ta sa a Afrilun 2025. Fam 38 ɗin nan ya fi awa 3 na ɗaga tsofaffi daga gado, da yi musu wanka, da canza musu zanen kwanciya. Kuma kuɗin da ta ware ne za ta tura wa mahaifiyarta na magani.

An taɓa yin irin wannan hayaniya a Oktoban 2017, lokacin da Jeremy Corbyn, jagoran 'yan adawa a wancan lokaci, ya tayar da maganar layin tallafin gwamnati na Universal Credit a majalisa. Lambar 0345 ce ma, amma masu sa kati waɗanda ba su da mintocin kyauta suna iya biyan har kwabo 55 a minti don su tambayi kuɗin abincinsu. Cikin kwanaki gwamnati ta ce za a mayar da layin kyauta. Wannan ya nuna min abu biyu: masu sa kati ko 03 ba ta tsirar da su ba, kuma in aka matsa, gyara ba ya ɗaukar shekaru.

Ra'ayina ke nan a fili. Kuɗin shiga layi bai kamata ya wuce kuɗin kiran lambar gari ba. Wanda ya sayi kira ba iyaka, a lissafa masa shi cikin mintocinsa, ya biya kuɗin hidima kawai. Su kuma 'yan tsakanin da ke sayen talla don lambarsu ta hau kan ta gaskiya, ban ga amfanin da suke yi wa kowa ba. Tun Fabrairun 2025 kula da irin waɗannan layuka ya koma hannun Ofcom kai tsaye, don haka ba sauran cewa aikin wata hukuma ne.

Kafin a kai can, mu kare kanmu. In za ka kira wani wuri, ɗauki lambar daga jikin takardar da suka aiko maka, ko bayan katin bankinka, ko shafinsu na ainihi, na gwamnati kuma daga gov.uk. Kada ka danna ta farko da ta fito maka a bincike, sau da yawa talla ce. In ka ga 0845 ko 0870, gwada canza 8 ɗin zuwa 3, don wurare da yawa sun koma 0345 da 0370, suka bar sauran lambobin yadda suke. A yi hattara da 070, kama take da ta wayar hannu amma ba ita ba ce. Lambobin tsibiran Jersey da Guernsey da Isle of Man ma da 07 suke farawa, kuma ba kowane kamfani ke sa su cikin mintoci ba. 999 da 112 na gaggawa, 111 na lafiya, 105 na ɗaukewar wuta, duk kyauta ne, kada tsoron caji ya hana wani kira.

Abin da ya fi duka muhimmanci: tun Oktoban 2018 doka ta wajabta wa kamfanonin waya su ba ka damar sa wa bil ɗinka iyaka. Kana iya sa iyaka a kan abin da za a ƙara maka bisa kuɗin wata, amma ba lallai iyakar ta haɗa da kuɗin hidima ba, don haka ka kuma ce a toshe maka lambobin 09 gaba ɗaya. Sai dai in ba ka nema ba, ba lallai su matsa maka ka yi ba.

Ranar Lahadi ta zo gidanmu cin tuwo. Bayan mun ci, muka zauna da matata muka buɗe manhajar layinta, muka sa iyakar a kan sifili, muka toshe 09. Muka rubuta takardar ƙorafi zuwa ga 'yan tsakanin da kuma kamfanin wayarta, muka haɗa da hoton tallar da ta danna. Na gaya mata in suka ƙi, akwai hukumomin sasanci masu zaman kansu da ake kai ƙarar kamfanonin waya kyauta, za mu je can. Tana sa takalmi za ta tafi ta juyo ta ce, "Yaya, akwai wasu 'yan Kano biyu da suka zo wurin aikinmu watan jiya, gobe zan duba musu wayoyinsu." Har yanzu ba a ba mu amsar ƙorafin ba, kayan nata kuma sai ranar Talata suka iso.