Wanda ya riƙe mana tarihi shi aka bari a rana

Abin da na gani a wani taron karramawa da aka yi a nan Maraɗi ranar Asabar har yanzu yana ci mini rai. An shafe awa uku ana miƙa takardun yabo ga manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da sunan kare al'adun gargajiya, alhali dattijon maroƙin da aka kwashi rabin jawabin daga bakinsa yana zaune a kan tabarma bayan lasifika, rana tana dukansa, kuma har aka yi addu'ar tashi ba wanda ya ambaci sunansa.

Ina tambaya, daga wa muka ji yadda Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807? Wa ya riƙe kirarin Sarkin Katsina na Maraɗi Ɗan Baskore, da jerin sarakunan Gobir na Tsibiri, da matsayin Ƙaura da Durɓi da Galadima da Ƴandaka a fada? Maroƙa ne da makaɗa da tsofaffin mata, waɗanda suka haddace shi ba tare da albashi ba, suka miƙa wa ƴaƴansu kamar yadda ake miƙa gona. Su ya kamata a fara kira, a zaunar a inuwa, a faɗi sunansu da babbar murya tun suna da rai.

An ce mini masu kuɗin ne suka ɗauki nauyin taron. Allah ya saka musu, amma biyan kuɗin rumfa da kujeru daban, riƙon tarihi daban. Wasu kuma sun ce tarihin baka ba hujja ba ne. To ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zarya unguwannin Bagalam da Limanci da Mokoyo da wayoyinsu suna naɗar muryar tsofaffi, me suke nema a can?

Ni kaina ina da alhaki a wuyana. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ba ni labarin ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi har aka hauro tudu, ta lissafa mini gidajen da suka rushe ɗaya bayan ɗaya. Na naɗi muryarta a kaset, yana cikin akwatina shekara da shekaru. Duk wanda ya san mai iya mayar da kaset cikin waya a garin nan, don Allah ya sanar da ni kafin zaren ya lalace.