Wuyan Arziki

Alhaji: Likita, ka rubuta da babban baƙi, ban zo da ciwo ba. Matan nan na rako.

Uwargida: Mu muka kawo shi, likita. Minshari.

Alhaji: Shekara sittin ina barci, ko sau ɗaya ban taɓa jin minsharina ba.

Amarya ta ciro waya ta kunna. Har masu jiran layi a baranda sai da suka leƙo.

Alhaji: Injin niƙan maƙwabta ne.

Amarya: Ƙarfe uku na dare, Alhaji?

Alhaji: Mutanen Zango ba su san hutu ba.

Can ƙarar ta ɗauke ɗif. Likita ya ɗaga hannu yana kallon agogo, sai da ya ƙirga daƙiƙa 25 sannan aka ji wani gurnani mai haɗe da shaƙewa.

Likita: Wannan shirun ne ya dame ni, Alhaji. Idan ka yi barci naman maƙogwaro yana saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka, ka ja numfashi ka koma ba ka sani ba. In ya kai daƙiƙa 10 muna ƙirga shi. Sau 5 a awa ciwo ne, sau 30 ya yi tsanani.

Alhaji: Zikiri nake a zuci. Mai zikiri yakan tsaya ya nisa.

Uwargida: To wannan zikirin ne ya sa ni da yarinyar nan muke rigima.

Likita: Kishi?

Uwargida: Wane kishi! Ina bar mata kwanana tana maido mini.

Amarya: Yaya, ke ce babba, ke kika fi cancanta.

Uwargida: Na yafe miki duniya da lahira.

(Duk Damagaram, daga Birni har Garin Malam, ba a taɓa ganin kishiyoyi masu kara irin wannan ba.)

Likita ya ɗaura masa abin awo.

Likita: Tansiyonka 18, jininka ya hau. Kana tashi da ciwon kai? Baki a bushe? Fitsarin dare?

Alhaji: Shayi ne.

Likita: Gyangyaɗi da rana fa?

Alhaji: Lissafi nake da ido a rufe. Duk babban ɗan kasuwa haka yake.

Amarya: A kasuwar Dole yana cikin lissafin aka ɗauke masa turmin atamfa biyu. Ran nan kuma a hanyar Mirya ya yi lissafi da sitiyari a hannu, Allah ne ya tsare.

Likita: Abin da nake tsoro ke nan. Ga hawan jini, ga zuciya tana wahala kowane dare, ana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga ma yana bin sa. Miƙo wuyan in auna. Santimita 46. Namiji in ya wuce 43 muna sa masa ido.

Alhaji (ya gyara rawani): Ka ji ko, Hajiya? 46! Alhaji Na-Gabas da ke mini fankama ko 40 bai kai ba. Wannan wuyan arziki ne, yaro. Gado ne, ba saye ba.

Likita: Sai an rage ƙiba. A rage kitse da tuwon dare, a riƙa tafiya da ƙafa.

Alhaji: In rame a ce na karye? Gobe masu bina bashi su cika mini zaure.

Likita: To ka daina kwanciya rigingine. Hajiya ta ɗinka maka ƙaramar ƙwallo a bayan rigar barci, da ka juya ta tokare ka.

Uwargida: Goruba zan sa. Uku.

Likita: Za mu yi awon barci. In abin ya tabbata akwai na'urar CPAP, ana ɗaura ta a hanci tana hura iska duk dare don kada maƙogwaro ya rufe. Tun farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro ta a Ostareliya.

Alhaji: Da me take aiki?

Likita: Da kuran.

Nan kowa ya yi dariya, har likitan, don tun safe fankar ofishinsa ado take yi.

Alhaji: Wato numfashina ya koma hannun masu wuta? In sun ɗauke in ɗauke?

Likita: Akwai batir, akwai sola. Abin da za a fara yi dai, Alhaji... Alhaji?

Kai ya riga ya langaɓe a kafaɗa. Uwargida da amarya suka fara ƙirge tare, sun saba. Suna kaiwa ashirin da biyu ya zabura yana haki.

Alhaji: Amin, amin! Duk na ji. Ka rubuta musu maganin kunne mu tafi.